Wa Zai Riƙe wa Barau Igiya?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Shugaban wannan taro, mai girma Wakilin Hakimin Birnin Kudu, Allah ya ja zamaninka, ranka ya daɗe Dagaci, Allah gafarta Malam Liman da na'ibinsa, masu unguwanni, Sarkin Kasuwa, Malam Duba-gari, wanda ya daɗe yana fama da mu har muryarsa ta dishe, baƙinmu da suka taso daga Kangire da Farin Dutse da Gwaram, wasu don zumunci, wasu kuwa don a yi a kan idonsu, iyayenmu mata da ke bayan zana, waɗanda na san kalma ɗaya ba za ta wuce kunnensu ba, dattawa da samari, manoma da 'yan kasuwa da direbobi, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga shugabanni da suka ba ni dama in buɗe baki a gaban manya, alhali ni ba kowa ba ne. Sunana Iliyasu, tela ne ni, rumfata tana bakin kasuwa. Ƙafafun nan keken ɗinki suka saba takawa, ba tsayuwa a gaban jama'a ba, saboda haka ku yi mini uzuri. 

Abin da ya kawo ni kuwa ga shi, ba ɓoye-ɓoye. Gobe da hantsi abokina Barau direba zai shiga rijiyar bakin kasuwa, wadda ake cewa ya saka dodo a ciki. Ya yi rantsuwa a gaban Liman zai sauka har ƙasa ya fito da gugunan da suka faɗa, don kowa ya gani da idonsa babu komai a ciki sai laka. Dagaci ya yarda da haka. Amma daga ranar da ya rantse zuwa yanzu da nake tsaye a gabanku, ba a sami namiji ɗaya a garin nan da ya ce zai riƙe masa igiya ba. Tsoro nake ji, jama'a. Wallahi tsoro nake ji, kuma ba dodo nake tsoro ba.

Zan yi magana a kan abubuwa kaɗan, bi da bi, in kun ba ni aron kunnuwanku.

Na farko, wasan da ake ta surutu a kansa. An ce tsafi ne, an ce caca ce, an ce bugun ƙasa ne. Ni da nake cikinsa tun ranar da aka fara, a inuwar rumfata ake yin sa tsakanin la'asar da magariba, ga yadda yake. Lokacin da kamfanin nan ya zo yi mana kwalta, Barau ne yake jan tifa yana kai musu tsakuwa. A sansaninsu ya ga wasu Turawa sun kewaye tebur, ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin ya zama shi, suna jefa ɗan lido don a san wa ya dace wa ya faɗi. Barau bai ji Turancinsu ba, amma ya gane dabarar. Da ya dawo gida sai ya ɗinka mata rigar Hausa. Mu ba mu da tebur, sai ya share ƙasa ya zana da yatsa. Ba mu da ɗan lido, sai ya samo wuri, irin kuɗin mutanen da, a tsohuwar jakar kakarsa. Shi ne mai baki, wato mai faɗin abin da ke gabanmu. Ni maharbi ne a wasan, Sabo mahauci kuma ɗan dako ne. Barau zai ce, "Ga ku a ƙofar birni, rana ta take, me za ku yi?" Kowa ya faɗi dabararsa, a watsa wuri, in masu buɗaɗɗen baki sun fi yawa ka tsallake, in sun kife ka shiga uku.

Na sani, na kuma yarda, duk wanda ya hango ƙatti sun duƙa a kan zanen ƙasa suna watsa wuri, zuciyarsa ba za ta kawo masa komai ba sai duba ko caca. Ban ga laifinsa ba. Amma ina tambaya a gaban Liman: wa ya taɓa kai wa Barau kaza? Wa ya taɓa tashi daga rumfata ba riga? Wa aka taɓa gaya wa abin da zai same shi gobe? Tatsuniya ce kawai, irin wadda kakanninmu suka yi mana, sai dai ita wannan mai sauraro yana da bakin magana a cikinta.

Na biyu, dodannin da biranensu. Ina so ku ji su daga bakina da rana tsaka, don ku ga yadda aka ƙera su, kamar yadda nake yanka yadi in haɗa riga.

Dokar Barau ita ce, kowane dodo yana da hali, yana da makwanci, yana da abin da yake kare kansa da shi, kuma yana da lago. Kowane birni yana da ganuwa, amma kowace ganuwa tana da inda ta yi rauni, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daɗin wasan duka shi ne neman tsagewar nan.

Akwai Birnin Ƙaya. An kewaye shi da rami mai zurfi, an shuka sarƙaƙƙiya a cikin ramin, ƙofarsa a karkace take yadda doki ba zai shiga da gudu ba, masu gadi kuma kuraye ne. Mun sha wuya a kansa, har muka gane kurayen ba sa jure zafin azahar, sai su shige ƙarƙashin ganuwa su yi ta minshari. Akwai Uwar Gara, wadda fadarta suri ne mai tsawon rimi. Duk inda ka fasa yau, kafin ka dawo gobe bayinta sun liƙe, kuma in ka shiga suna toshe hanya a bayanka. Ita toka ce maganinta. Akwai Dodon Kuka, wanda yake zaune a kogon bishiya ya sa zuma suna yi masa gadi, ba ya taɓa na gaba a ayari sai na ƙarshe, wuyansa kuma ba ya juyawa, saboda haka in ka zagayo ta bayansa ya zama ɗan rago. Ga ku nan wasunku suna murmushi. To ku riƙe murmushin, domin daga tukunyar da aka kwaso waɗannan aka kwaso na rijiya. Me ya sa ba wanda ya je ya sare kukokin garin nan? Me ya sa ba wanda ya bi surin gonarsa da toka yana salati? Don ba wanda ya ji labarinsu sai mu.

Dodon Rijiya, gwargwadon yadda Barau ya tsara shi, yana da kogo a jikin bangon rijiya daf da ruwa. Fatarsa santsi gare ta irin ta tarwaɗa, kibiya ba ta kama shi. Yana son shirun tsakar rana. Yana datse igiya da haƙori ya tara guguna a kogonsa, yana kifa su a ka kamar huluna. Ina zaune a ranar, na ce, "To Barau, shi wannan mene ne lagonsa?" Barau kuwa bai riga ya yi masa lago ba. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Daidai nan wani jaki ya gifta da kayan kanwa za a kai kasuwa. Sai ya ce, "Kanwa. Cikinsa ba ya ɗaukar kanwa. Da ya sha, gafara dai, sai gudawa ta kore shi." Muka yi dariya har Sabo ya ƙware. Jama'a, da gishiri jakin nan ya ɗauko, da yau ruwan rijiyarmu gishiri gare shi.

Me ya sa aka sa shi a rijiyar bakin kasuwa, ba a wata rijiya ta can ƙasar da ba a sani ba? Saboda in Barau ya ce ga teku, ko ga dutsen ƙanƙara, sai mu yi ta kallonsa kamar ya yi mana yare. Sabo ne ya ce masa, "Ni ban san teku ba, ka zana mini inda na sani." Daga nan ya koma zana garinmu, da kasuwarsa da lungunansa da rijiyarsa.

Na uku, yadda ƙaramar magana ta zama babba. Inna Kulu mai ƙosai, uwa ce a gare mu duka, kaskonta yana jikin rumfata. Ta ji abin da Barau ya faɗa, kuma ina shaida a gaban Allah ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Abin da ta ji shi ta faɗa. Sai dai ita ta ga ƙasa a zane, ta ga wuri a watse, ta ji an ambaci rijiyar da jikokinta suke sha, kuma ba wanda ya gaya mata wasa ne. Ba a jima ba igiyar wata baiwar Allah ta tsinke, guga ya faɗa. Aka kwana biyu wata ta tsinke. Wannan rijiya tun zamanin En'e take cin igiya, leɓen simintinta ya yi kaifi, kowa ya sani. Amma yanzu da yake an sami sunan da za a kira, sai aka kira shi.

Inna Kulu ta ɗauki dunƙulen kanwa ta jefa a ciki, don ta tsare jikokinta. Maƙwabciyarta ta gani ta jefa nata. Kowace uwa ta zo ɗiban ruwa da kanwa a gefen zane, ba mugunta ba, ƙauna ce ta sa. Ruwa ya soma bauri. Yara suka sha, ciki ya ɓaci. Aka ce dodo ya fusata, kanwar ta yi kaɗan, a ƙara. Aka ƙara. Ruwa ya ƙara lalacewa, yara suka ƙara kwantawa, aka sake ƙarawa, har masu kanwa suka rasa ta sayarwa ranar kasuwa. Na ji dattawa suna cewa ruwa ba ya tsami banza. Gaskiyarku, iyayena, ba ya yi. Mu muka zuba masa da hannunmu.

Yanzu an ƙaurace wa rijiya an koma ragowar kududdufin bayan gari, inda jakuna suke sha. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Malam Duba-gari ya gaya mana kurkunun da mutum ya sha bana, sai baɗi war haka zai fito masa a ƙafa, daidai lokacin da gona take neman mai ita. Ga damina ta ƙarato, gabas ta fara haɗa hadari. Duk da haka maganar da ake yi ita ce a cike rijiya da ƙasa, a kori Barau daga garin ubansa. Ranar da aka taru a ƙofar gidansa ana ihu, matarsa Hapsatu tana ciki da goyo, a ranar ne ya fito ya yi rantsuwar nan. Barau mutum ne mai zuciya, in ya faɗa ba ya janyewa. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, ya ce, "Iliyasu, da bakina na saka shi, da ƙafata zan je in nuna ba ya nan."

Na kuma ji abin da ake raɗawa a majalisu, kuma shi ya fi komai tayar mini da hankali. Ana cewa in ya fito da rai, to dodon nasa ne, ai ba zai ci ubangidansa ba. In kuma bai fito ba, to dodon ya cinye shi. Haba jama'a! Wace irin shari'a ce wannan, wadda mai rai ba shi da gaskiya, matacce ma ba shi da ita? In mun riga mun yanke hukunci, me ya sa za mu bar bawan Allah ya sa ransa a rami? In kuwa ba mu yanke ba, to mu yi alkawari yau a gaban Wakilin Hakimi: in ya fito da guguna, magana ta mutu, a yashe rijiya, kowa ya koma harkarsa.

Na huɗu, kuma shi ne na ƙarshe, abin da yake cikin rijiyar da gaske. Akwai abin tsoro a ciki, ba na musu. Rijiya ce mai zurfi, ta daɗe ba a yashe ta ba. Malam Maikuɗi, wanda yasar rijiya sana'arsa ce ta gado, yana zaune can, ya fi ni sani. A ƙasan irin wannan rijiya akan sami iskar da ba ta da wari, ba ta da launi, mutum yana cikin magana sai ya sulale. Shi ya sa ake fara zura fitila a ga ko za ta mutu. Shi ya sa ake ɗaure mai shiga a ƙugu, a tsayar da ƙarfafan maza a sama, idonsu a ƙasa, hannunsu a igiya. In ya girgiza ta, ko aka kira shi bai amsa ba, sai a janyo shi nan take, ba shawara, ba jira. Wanda aka janyo da sauri ya rayu. Wanda aka tsaya neman masu ja, gawarsa ake fitarwa. Barau kuwa kun san shi, ƙato ne, in ya hau tifa sai ta sunkuya. Ba aikin mutum ɗaya ba ne, ba kuma na biyu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannun tela da bai san nauyin da ya wuce almakashi ba.

Na bi gida gida. Na je wurin Malam Maikuɗi, ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni aron igiyarsa, amma ya ce hannunsa ba zai taɓa ta ba. Na je tasha wurin direbobi, abokan aikinsa, kowa ya ce gobe yana da lodin Kano. Ban taɓa sanin Kano tana bukatar motoci haka ba sai jiya. Da na matsa, sai aka gaya mini dalili. Wai dodon yana shinshina igiya, ya gane hannun da ya riƙe ta, ya biyo mutum har gida.

Ranka ya daɗe, da na ji wannan, sai na yi salati. Domin na san ranar da aka haifi wannan magana, na san kuma saboda wa aka haife ta. A cikin wasanmu, duk lokacin da aka zo bakin rami ko kogo, aka ce wa zai shiga, Sabo ne yake riga kowa cewa, "Ku ku shiga, ni zan riƙe muku igiya." Kullum haka. Mu a cinye mu a ciki, shi yana sama lafiya lau yana cin ƙosai. Rannan Barau ya gaji, ya ce, "To daga yau dodon nan yana shinshina igiya, mai riƙewa ma bai tsira ba." Don ya tsokani Sabo ya faɗa, ba don komai ba. Yau ga shi maganar da ya yi don raha ta zagayo ta tsaya tsakaninsa da ransa.

Sabo, ga ka can bayan Sarkin Kasuwa, ka ja hula ta rufe ido. Na ji an ce ka ce ba ka taɓa zama a rumfata ba. Ba komai, ban zo tona asiri ba, tsoro halitta ne. Amma kai ka san gaskiyar abin da na faɗa, ka san don kai aka yi dokar nan. Shekara da shekaru kana neman riƙon igiya a wasa. To ga ta gaske ta samu.

Ga igiyar nan, ta Malam Maikuɗi ce, na ajiye ta a gaban shugabanni. Ba na neman mai shiga rijiya, mai shiga ya samu. Ba na neman wanda zai ce wasanmu yana da kyau. In kun ce a bari, wallahi daga yau an bari, zan share ƙasar da ƙafata, in zubar da wurin a kogi. Ba na ma neman ku daina tsoro. Ku zo da tsoronku, ku riƙe da shi. Hannuwa kawai nake nema. Wa zai taso?

Ina sauraro, jama'a. Ina manoman da suke ɗaga buhun gero da hannu ɗaya? Ina samarin da suke cika mana kunne ranar dambe?

Ranka ya daɗe, ga wata ta fito daga bayan zana. Inna Kulu ce. Inna, don Allah koma ki zauna, ba da ke nake ba, ba ki yi laifin komai ba. Inna, hannunki ba zai iya ba, igiyar nan tana yanka. To. Ta ce ba za ta koma ba. Ta ce ita ta fara jefa kanwa, ita za ta fara kama igiya. Ku dube ta, ta naɗe ta a hannu. Allah ya saka miki da Aljanna, Inna. 

To, an samu. Tsohuwa mai ƙosai da tela. Da safen nan Hapsatu ta aiko mini daga cikin gida, ta ce in maza sun ƙi, za ta sauke goyonta ta fito. Kun ga mun zama uku. Ina gaya muku gaskiya tsakanina da Allah, mu ukun nan ba za mu iya janyo Barau ba. Za mu iya saukar da shi, domin sauka ba ta da wuya. Amma gobe da hantsi zai shiga, da ku ko ba ku, kuma in mu kaɗai ne a bakin rijiyar, mu kaɗai za mu riƙe. In ya girgiza igiya muka ja ta ƙi tahowa, na san duk kuna wurin kuna kallo daga nesa, kuma za ku ji muna kiran sunayenku ɗaya bayan ɗaya.

Ya Allah, ka tsare wanda zai sauka, ka fito da shi da numfashinsa. Ya Allah, ka ƙarfafa hannun da ya riƙe, ka taɓa zuciyar wanda ya noƙe. Ka ba yaranmu da suke kwance lafiya, ka mayar mana da ruwanmu mai daɗi, ka ba mu damina mai albarka. Ka ƙara wa shugabanninmu adalci da tsawon rai, ka mayar da baƙinmu gidajensu lafiya. Ya Allah, kada ka sa jibi mu taru a ƙofar gidan Hapsatu muna yi mata gaisuwa, muna kasa kallon idon juna. Amin summa amin.

Inna, riƙe ta da kyau, ga ni nan zuwa.

Na gode.